Matakala Arba'in da Biyu

Ranar Litinin, uku ga wata

Zuwa ga Yayata abar girmamawa, shugabar gidanmu ta riƙon ƙwarya kuma ta dindindin,

Gaisuwa mai nauyin da sai an sa hannu biyu kafin a ɗaga ta, zuwa gare ki, da maigidanki, da 'yan matanki biyu, sannan ga Baba a kan kujerarsa ta mulki. Ina fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni ma ƙalau nake, in ban da mura da ta kafa sansani a hancina, da kuma shugaban maɗaba'armu wanda har yau bai gane cewa yana da gwarzo a ɗakin gyaran rubutu ba.

Na karɓi umarninki cewa, tunda an yi miki canjin wurin aiki zuwa babban asibitin wannan jiha, ni da na riga ku zuwa da shekara huɗu in zaɓa wa iyali unguwa. Saboda girman al'amarin na kafa kwamiti. Ni ne shugaba, ni ne sakatare, ni ne ɓangaren adawa. Ga rahotonmu.

Unguwa ta farko tana bayan asibitin. Gidan a ƙasa yake, ɗaki uku, ƙofarsa a bakin titi. In kika yi atishawa a falo, mai kemis ɗin da ke gefe zai ce miki sannu. Katangar asibiti ta tare masa rana, har ƙarfe goma na safe sai da dillali ya kunna fitilar wayarsa kafin na ga bango. Kwamiti ya ba shi maki uku cikin goma, biyu daga ciki na tausayi ne.

Ta biyu rukunin sababbin gidaje ne a bakin gari, fenti ɗaya, ƙofa iri ɗaya, har shukar bakin ƙofa iri ɗaya. Na fita duba famfon waje, da na dawo sai na shiga gidan wani bawan Allah yana aske gemu. Mun rabu cikin mutunta juna. Makaranta mafi kusa sai an hau mota biyu.

Ta uku kuwa, Yaya, ki gyara zama. A kan tudu take. Makarantar 'yan mata a gindin tudun, motar da ke zuwa asibiti tana tsayawa a gabanta. Gidan yana hawa na uku, kuma a ɗakin gabas akwai wata taga da faɗinta ya kai hannuna biyu a buɗe. Ƙarfe bakwai na safe rana ke shigowa ta kwanta a ƙasa kamar an shimfiɗa ta. Da na tsaya a wurin, teburin Baba kawai nake gani, da ƙananan sukurorinsa a jere a kan farin ƙyalle, da ɗan gilashin nan a maƙale a idonsa. Shekara talatin yana gyaran agogo a shagon da sai ya fito bakin ƙofa yake ganin allurar daƙiƙa. A nan ko gashin girar sauro zai gani.

Abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarki shi ne layin da kika ce: "Baba ya ce a tambaye ka, taku nawa?" Ashe bai manta da gasarmu ba. Kin tuna, in yana kai mu makaranta kafin ya buɗe shago, sai ya nuna wata bishiya ya ce taku nawa, kuma wanda ya kawo adadi mafi yawa shi ya ci. Ban taɓa faɗuwa ba, ke kuwa kina ta kumbura baki. Ki sanar da shi cewa zakaransa na nan da ƙarfinsa, kuma cikakken ƙidaya zai biyo baya.

Sai dai ina da ƙorafi. Wasiƙa biyu ke nan babu layinsa na ƙasa, inda yake rubuta ƙarfe nawa da minti nawa aka rufe ambulan, ya sa hannu. Na kira sau uku, kullum yana barci. Shi ne fa ya kafa dokar cewa waya ta tambayar "kana ina" ce, magana ta gaske kuwa sai a takarda. Na san laifina: na faɗa masa na kai agogon da ya ba ni wurin wani mai gyara a nan. Ki roƙa mini afuwa. Mutumin bai ma iya ba, agogon yanzu gudu yake da minti huɗu.

Ƙaninki mai biyayya gwargwadon hali,
Auta, Shugaban Kwamiti

Ranar Asabar, takwas ga wata

Auta,

Mun gode da gaisuwa, mun sauke ta da hannu biyu. Yara lafiya, babba ta cire haƙori, ƙarama tana kuka ita ma sai an cire mata. Maigidan ya ce shi duk inda aka ajiye shi zai zauna. Baba yana hutawa sosai kwanakin nan, ya ɗan rufe shago. Ka sha ruwan ɗumi don murar, ka daina kwana da fanka a ka.

Na karanta masa rahotonka. Ya yi dariya a wurin mai aske gemu har sai da na tsaya. Maganar agogo kuma ka cire ta a ranka, ba fushi yake da kai ba.

Yanzu ka saurare ni. Ka koma gidan bayan asibiti ka sake dubawa. Duhun ba komai ba ne, za a sa fitila. Ka duba mini ko akwai tudu a bakin ƙofa, da faɗin ƙofar banɗaki, da ko ƙasan yana santsi. Ni shi na fi so, kuma ina da dalilina. Kada ka sa hannu a kan komai sai ka ji daga gare ni.

Aikinka ke nan karanta takarda ka gano abin da aka bari. Ka karanta wannan kamar yadda kake karanta na maɗaba'arku.

Zan ba direban motar safe takardar nan ya kawo maka. Motar kaya kuma mun tsayar da ita ranar talatin ga wata, domin ɗaya ga sabon wata zan kama aiki.

Yayarka

Ranar Alhamis, goma sha uku ga wata

Zuwa ga Mai Girma Yaya, wadda shirunta ya fi jawabin wasu tsawo,

Gaisuwa ta biyu, tunda ta farko ba a aiko da rasit ɗinta ba. Murata ta janye dakarunta. Ina fatan kowa lafiya, kuma Baba ya sassauta takunkumin da ya ƙaƙaba mini.

Kwana goma ina zaryar tasha, babu takarda. Na kira ki sau biyu kina bakin aiki, kika ce amsa na hanya. Dillali kuwa ya zo jiya da labarin cewa wani malamin jami'a ya ga tagar gabas ya kasa barci. Kwamiti ya yi zaman gaggawa a tsaye a bakin titi, ɓangaren adawa ya ƙaurace, aka zartar. Na sa hannu a takardar haya ta gidan kan tudu, shekara biyu, na kuma kai adireshin ofishin gidaje na asibitinku, sun buga masa hatimi.

Ga sakamakon ƙidaya, a karanta wa Baba a tsaye. Daga inda mota ke ajiye mutum zuwa ƙofar ginin, taku ɗari uku da goma, duk hawa ne. Daga ƙofar gini zuwa ƙofarmu, matakala arba'in da biyu, sha huɗu sau uku, na ƙirga ina hawa na ƙirga ina sauka don kada a ce an yi maguɗi. Gidan bayan asibiti taku tara ne kacal daga ƙofa zuwa titi. Da shi na kawo, da na zubar da mutuncin da na tara tun ina ɗan shekara biyar.

Na riga na share ɗakin gabas, na auna inda teburinsa zai zauna, na buga ƙusa uku a bango don agogunan bangon nan nasa masu faɗa da juna.

Naki cikin nasara,
Auta

Ƙari: Ina shirin liƙe ambulan sai ga direba da wasiƙarki, ta sha man inji. Motarsa ce ta lalace a hanya ta kwana huɗu a gareji, takardar tana aljihun ƙofa. Na karanta ta da idon sana'a kamar yadda kika umarta, na kuma gano abin da aka bari: Yayata tana son ta riƙa fita daga gado ta faɗa ɗakin marasa lafiya ba tare da ta hau mota ba. Faɗin ƙofar banɗaki, in ji ki! Kada ki damu, minti ashirin ne a mota, kuma hawan tudu zai yi wa maigidanki amfani.

Ranar Lahadi, goma sha shida ga wata

Auta,

Yara lafiya. Baba ba lafiya. Na gaji da rubuta maka cewa yana hutawa.

Sati bakwai ke nan. Da safe ne, a shago, yana cikin gyara agogon wata mata, gilashin na idonsa. Matar ta dawo karɓa ta same shi ya zame daga kujera. Ina bakin aiki aka shigo da shi ɗakinmu a kan gadon turawa, ni na cire masa gilashin. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama, hannu da ƙafa. Maganarsa ta dawo, amma a hankali take fita kuma a karkace, shi ya sa ba ya karɓar waya. Shi ya sa babu layinsa a ƙasan takarda.

Ranar da ya fara iya magana ya riƙe wuyan hannuna da hagunsa, ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa maka ba. Ya ce za ka ajiye aiki ka taho, kuma ka sha wuya kafin ka samu wannan. Ya ce in mun iso ka gani da idonka, lokacin ya ɗan miƙe. Kullum da safe yana gwadawa da sanda, ina riƙe da shi. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki taku goma sha ɗaya. Makon jiya ya kai sha huɗu, ya sa na rubuta a jikin kalanda.

Da ya ce a tambaye ka taku nawa, so yake ya san ko zai iya. Ni na rubuta tambayar da hannuna, na kuma san gidan da muka tashi, na san yadda za ka ji ta. Da na ƙara kalma biyar da ba mu kai nan ba. Ina jin haushinka, amma bai kai wanda nake ji na kaina ba.

Na karanta masa wasiƙarka jiya, a tsaye, kamar yadda ka ce. Na so in tsallake ƙidayar, ya gane, ya buga sanda a ƙasa. Da na kai arba'in da biyu ya yi dariya har ta zama tari. Ya ce, "Ya ci." Daga nan ya juya fuskarsa bango, ya ce a kira masa Baffa.

Sun yi magana, sun yanke. Ba zai biyo mu ba. Zai zauna a ɗakin bayan gidan Baffa, wanda suke ajiye tsofaffin katifu. Ka san su, shekara talatin ba su taɓa gama hira ba tare da ɗaya ya tashi ya bar ɗaya ba, kuma yanzu ɗayan ba ya iya tashi. Matar Baffa tana fama da nata ciwon baya. Na ce zan rubuta a fasa canjin aikin, ya ce in na yi haka ba zai ƙara shan magani daga hannuna ba. Na ce a nemi wani gida, ya ce yaro ya zaɓa wa yara makaranta, ya zaɓa mini mota, ya buga ƙusa, kada wanda ya kunyata shi.

Ya hana ni rubuta wannan ma. Na karya alkawari, ka san yadda za ka yi da shi.

Yayarka

Ranar Juma'a, ashirin da ɗaya ga wata

Yaya,

Yaya jikin Baba yau? Wannan karon tambaya nake, ba buɗe wasiƙa ba. Yana cin abinci? Wa ke juya shi in kina wurin aiki?

Na baje wasiƙunki huɗu a kan teburin maɗaba'a na bi su da jan biro. Komai yana ciki. Ya rufe shago, mutumin da ko ranar da aka haife ni sai da ya buɗe da rana. Santsin ƙasa. Faɗin ƙofa. Ni da nake kama waƙafi ɗaya da ya ɓata a littafi mai shafi ɗari uku, na ga layin ubana ya ɓace, na ce fushi yake da ni saboda agogo. Ko a rashin lafiyarsa kaina na gani.

Na koma bayan asibiti a ranar da takardarki ta zo. An rataya labule kore a tagar, akwai keken yara a bakin ƙofa. Na tsaya kamar wawa na sake ƙirga takun nan tara. Ko ranar da bai da ƙarfi zai iya su, har ya rage biyu. Mai gidan kan tudu ya saurare ni da kyau, ya ce Allah ya ba shi lafiya, amma sa hannu sa hannu ne. Hawa na ƙasa wani tela ne a ciki da kekuna takwas. Ofishin gidajenku sun ce ba a sauya adireshi sai an shekara. Dillali yana ta nema, sai dai abin da yake nuna mini ko katifun Baffa ba za su yarda su kwana a ciki ba.

Saboda haka an rusa Kwamitin Binciken Unguwanni bisa samunsa da gazawa, an kafa Ma'aikatar Sufuri a madadinsa. Ana gini a gindin tudu, magina sun ara mini buhu sun cika shi da yashi, mai kemis ya auna mini a sikelinsa, kilo hamsin. Kowace safiya kafin in tafi aiki ina goya shi in hau. Ranar farko na kai matakala goma sha tara na zauna ina ganin taurari da rana tsaka. Tela ya fito da almakashi a hannu yana tambaya ko lambu zan yi a sama. Jiya na kai talatin da ɗaya. Yau na kai ƙofa ban ajiye ba. Na sa kujera a kowace kwana ta matakalar, guda biyu, ta uku a bakin ƙofa. Mota kuma tana iya hawowa har gaban gini, na gwada da mai tasi.

Ki auna mini shi, Yaya. Rabona da shi yana wajen kilo saba'in, ina so in riƙa ƙara yashi kaɗan-kaɗan in kai can kafin talatin ga wata.

Sauran ki karanta masa, a zaune.

Baba, sai a wannan makon na gane gasar nan. Yaya ta girme ni da shekara bakwai, ƙafarta ta fi tawa tsawo, dole takuna ya fi nata yawa. Ka shirya ta ne don mai gajeriyar ƙafa ya ci. Shekara ashirin ina taƙama da kambun da aka ɗora mini a ka ina barci. Na zaɓi gidan nan ne don ka ga haske, kuma hasken yana nan, kowace safiya yana zuwa ya tarar da ɗaki babu kowa. Kada ka zauna da katifu. Ka yi naka sha huɗu a cikin ɗaki, arba'in da biyun nawa ne.

Ɗanka,
Auta

Ranar Talata, ashirin da biyar ga wata

Auta,

Yana cin kaɗan. Maigidan ke juya shi in ba na nan, ya iya fiye da wasu ma'aikatanmu. Jiya taku goma ya yi, ya ce kada a rubuta a kalanda.

Na auna shi. Kada ka ƙara yashi. Buhun da kake ɗauka ya fi shi da kilo uku.

Bai yi mini faɗan karya alkawari ba, kallona kawai ya yi. Ya sa na karanta wasiƙarka sau biyu. A wurin tela ya yi dariya, a wurin gasar ya rufe ido ya ce ai ya ɗauka ba za ka taɓa ganewa ba, ni kuma na ce na gane tun ina aji shida, shi ya sa nake kumbura baki. Ya tambayi faɗin tagar, na buɗe masa hannuwana biyu, ya ce naka sun fi nawa tsawo. Can ya ce a kwance ƙafafun teburinsa kafin a sa a mota, kuma sukurorin a naɗe su a ƙyallensu, kada a zuba a gwangwani.

Baffa ya zo jiya da yamma, aka faɗa masa. Ya ce dama shi bai ga inda zai kai katifunsa ba, sannan ya fita tsakar gida ya tsaya yana share ido da hularsa.

Akwai saƙon da ya ce in rubuta maka yadda ya faɗa, kada in gyara. "Ki ce masa hawa ɗaya zai yi da ni. Saukowa kada ta dame shi, ranar mutane za su taya shi."

Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce ni ma'aikaciyar jinya ce, in gaya masa inda ya yi kuskure. Na tashi na shiga haɗa kwanuka.

Za mu iso ranar talatin wajen la'asar in hanya ta yi kyau. Ka jira mu a ƙofar gini, ka sa takalmin da ba ya santsi. Ka kama shi ta hagu, kuma kada ka yi kuka a gabansa sai kun kai sama.

Ya karɓi biro da hagu. Abin da ke ƙasa ya ɗauke shi kusan minti arba'in, bai yarda na riƙe masa takardar ba.

Yayarka

An rufe ƙarfe tara da minti shida na safe. Ka ajiye mini agogon a kan tebur in ga abin da mutumin nan ya ɓata. Babanka.